Daga Fetur Zuwa Gas, Daga Gas Zuwa Fetur: Tarihin Sauya Injin Mota Daga Wani Gareji a Kinkinau

Makalar wannan mako ta faɗo kanmu, kuma mun san wasu za su ce me ya haɗa zauren adabi da baƙin mai. A yi mana uzuri a karanta tukuna.

A bakin unguwarmu Kinkinau, ta ɓangaren da ke fuskantar titin Nnamdi Azikiwe wanda kowa ke kira baifas, akwai wani gareji da muke wucewa kusan kullum. Watanni kaɗan bayan an janye tallafin man fetur a 2023, wata a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 ta yi makonni ajiye a wurin, injinta na rataye a sarƙa tsakanin ƙarafa uku. Motar ta wani maƙwabcinmu ce, da ita yake ɗauko buhunan masara daga kasuwannin ƙauye, da ita kuma yake ciyar da gida mai mutum goma sha. Injin ya buga, dole a sayi wani. Sai ya zo da shawara: tun da za a kashe kuɗi ko ta yaya, me zai hana a sa mata injin dizal, ya huta da tsadar fetur?

Dattijon da ke riƙe da garejin, wanda kowa ke kira Baba, ya yi dariya. Ya ce a rayuwarsa ta kanikanci wannan ne karo na uku da iska ta juya. Da ƙuruciyarsa ya cire injin fetur ya sa na gas. Da ya manyanta ya yi shekaru yana cire na gas yana mayar da na fetur. Yanzu kuma ga shi an dawo, har wasu na maganar a ɗora tukunya a bayan mota. Wannan magana ce ta sa muka shiga bincike, don mun ga cewa a cikinta akwai tarihin ƙasa gaba ɗaya, wanda ba a littafin makaranta aka rubuta shi ba, a jikin ƙarfe aka rubuta.

Kafin mu yi nisa, bari mu warware kalma ɗaya da ke rikita marubuta. A bakin direbobi da kanikawa na Nijeriya, “gas” ko “man gas” shi ne dizal. 'Yan uwanmu na Nijar kuma “gazuwal” suke cewa, sun aro daga Faransanci. Iskar gas ta girki da wadda ake ɗura wa motoci yanzu wani abu ne daban. Mun sha karanta labari inda marubuci ya sa direban tirela ya tsaya canza fulogi a hanyar Zariya. Tirela ba ta da fulogi irin wannan. Duk wanda ya taɓa zama yaron mota, da ya kai wannan layi zai ajiye littafin.

Dalilin rashin fulogin shi ne tushen dukkan maganar. Injin fetur yana zuƙo iska haɗe da mai, fistin ya matse su kamar sau takwas zuwa goma, sannan fulogi ya ƙyasta wuta. Injin dizal iska zalla yake zuƙowa, ya matse ta sau goma sha biyar zuwa ashirin da 'yan kai, har ta yi zafin da idan nozul ya fesa mai a cikinta zai kama da kansa. Wannan matsi mai tsanani shi ke sa injin dizal ya fi tsimin mai, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya kuma fi ƙarfin jan kaya a hankali. Shi ne kuma ke tilasta a yi masa bulok mai kauri, karanshaf mai nauyi, da kusoshi masu ƙarfi. Saboda haka idan bakanike ya ce zai “mayar da mota dizal”, ba tsohon injin zai gyara ba. Zai fitar da shi gaba ɗaya ne ya dasa wani.

Wanda injin ke ɗauke da sunansa, Rudolf Diesel, Bajamushe ne da aka haifa a Faris a 1858. A 1897 ya samu injin da ya yi aiki sosai a masana'antar da ke garin Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, wannan MAN ɗin da muke gani a goshin manyan motoci a baifas. Injin farko ƙato ne na girkewa wuri ɗaya, babu wanda ya yi tunanin ɗora shi kan taya. Abin da ya fi jan hankalinmu ya faru ne a babban bajekolin duniya na Faris a 1900. A can aka kunna wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa, kuma ya yi aiki lafiya har mutane da yawa ba su lura da bambanci ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yi sosai amma kai kwal ko man ƙasa ke da wuya. Diesel da kansa ya yi bayanin wannan gwaji a 1912, shekara guda kafin ya ɓace daga jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila.

A nan sai mu yi hattara, don labarin ya samu ƙari a intanet. Za ku ga ana cewa Diesel ya ƙirƙiro injinsa ne musamman don man gyaɗa, wai kamfanonin mai ne suka binne gaskiya. Ba haka ba ne. Yawancin gwaje-gwajensa da kananzir da dangoginsa ya yi su. Man gyaɗa gwaji ne guda cikin da yawa. Gaskiyar ma ta fi ƙagen daɗi, idan aka dubi abin da ke faruwa a ƙasarmu a daidai wannan lokaci.

Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya fara jigila sosai a 1912. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragu, don masaƙun Ingila. Sai manoma da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi idan ciniki ya ƙi ana iya cinye ta, auduga kuwa ba a miya da ita. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta mamaye tashar jirgin Kano, kuma daga wannan ciniki ne irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice, aka samu dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna. Wato a shekarar da Diesel ke gaya wa injiniyoyin Turai cewa man gyaɗa zai iya tuƙa inji, a shekarar ce ƙasar Hausa ta fara tura gyaɗa Turai da yawa. Amma ba don inji aka saye ta ba. Masana'antun man girki da man shafa wa burodi da sabulu ne suka shanye ta. Motocin da daga baya suka riƙa kwaso buhunan daga ƙauyuka zuwa bakin layin dogo, da fetur ɗin da aka shigo da shi ta teku suke tafiya. Mota na ɗauke da abin da zai iya zama manta, tana ƙona wanda aka sayo daga wata nahiya.

Sai a shekarun 1920 dizal ya hau hanya. Kamfanonin Benz da MAN suka fitar da manyan motoci masu injin dizal a 1923 da 1924, sannan a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, wanda shi ne ya sa ƙaramin injin dizal ya yiwu. Sana'ar sauya inji kuwa, wadda Baba ke yi a Kinkinau, tana da kaka a Ingila. A 1932 Frank Perkins ya kafa kamfani a garin Peterborough, kuma injinsa mai silinda shida da ake kira P6 ya yi suna wajen shiga gurbin injin fetur a motocin da wasu kamfanoni suka ƙera. Bayan yaƙin duniya na biyu, mai tsohuwar motar ɗaukar kaya a Ingila zai iya sayen injin Perkins da kayan haɗinsa a dasa masa. Manoman arewa sun san wannan suna ta wata hanya: a 1959 kamfanin Massey Ferguson ya sayi Perkins, don haka jar taraktar nan da ke huɗa a gonakin Giwa da Soba, injin Perkins ne a cikinta.

A wajenmu motocin bodin katako na zamanin kakanninmu, irin su Bedford da Austin, da yawansu masu fetur ne. A hankali dizal ya ƙwace fagen manyan kaya, musamman da zuwan Mercedes 911, wadda har yau ba ta mutu ba. Daga nan aka samu rabon aiki da ya daɗe: babbar mota gas, ƙaramar mota fetur. Rigimar tana tsakiya ne, wajen a-kori-kura da bas-bas da ƙananan motocin kaya, waɗanda za su iya tafiya da kowanne.

Kaduna kuma ta zama gidan wannan tsakiyar. A 1975 masana'antar Peugeot ta fara haɗa motoci a Kakuri, ƙetaren kogi. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna. A shekarun nan ne aka kafa masana'antun manyan motoci a wasu garuruwa, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Garin da ke haɗa mota a kudancinsa, yana tace mai a gefensa, dole ya tara masu gyara. Mu da muka yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kodayake ba a fannin inji muka yi ba, mun san ƙarar guduma ta tsohuwar Panteka da ke maƙwabtaka da makarantar. A can ake yanka ƙarfe, a narka, a ƙera abin da babu shi a kanti. Duk sauyin injin da aka taɓa yi a garejojin Tudun Wada da Unguwar Mu'azu da Kinkinau da Kurmin Mashi, za ka tarar akwai wani guntun ƙarfe a jikinsa da aka yanko ko aka huda a Panteka.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sabon inji ya zama labari. Sai ƙofar kayan da aka yi amfani da su a Turai ta buɗe, ta tashar Legas da ta Kwatano, abin da muke kira Baljiyam ko da daga Jamus ko Holan ya fito. Turai kuwa cike take da ƙananan motocin dizal, saboda gwamnatocinsu sun daɗe suna sassauta wa dizal haraji. Ita kanta 504 akwai nau'inta mai injin dizal da ake ƙerawa a Faransa, injin da ake kira Indenor, wanda ke zama a gurbi ɗaya da na fetur ba tare da wahala mai yawa ba. A gida kuma gwamnati ce ke yanke farashin dukkan mai, kuma tana ajiye gas ƙasa da fetur. A ƙarshen 1994, zamanin Janar Abacha, litar fetur naira 11 ce, ta gas naira 9. Mai ya fi araha, injin ya fi tsimi, ga layin fetur da 'yan bumburutu. Wannan ne zamanin farko da Baba ya ambata, lokacin da mai motar haya da ya samu injin gas ke ganin ya tsinci dami a kala.

Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe, don wanda zai rubuta bakanike a labarinsa ya san abin da hannun mutumin ke yi. Da farko kujerun da injin ke zama a kansu ba lallai su yi daidai ba, sai mai walda ya yanka ya ƙara. Sannan bakin giyabos dole ya haɗu da bayan sabon injin. Idan ba daga gida ɗaya suka fito ba, sai a sa farantin ƙarfe a tsakani, a huda ramukan kusoshi daidai, kuma kuskuren da bai kai kaurin farce ba zai riƙa cin kuloc duk bayan 'yan watanni. Injin dizal ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka idan aka bar tsohuwar giya da tsohon aksul, motar za ta ja kaya kamar jaki amma a kan kwalta za ta yi ta ihu ba ta gudu. Ya fi nauyi, sai gaba ya zauna, a ƙara ganyen sifirin ko a canza. Tankin mai sai an wanke shi tas, a ƙara bututu na biyu da zai mayar da ragowar mai, a sa matata mai raba ruwa da mai, domin ɗigon ruwa kaɗan yana kashe famfo da nozul. Batir sai babba, saboda tayar da injin da ke matse iska sau ashirin ba wasa ba ne, ga hita da ke ɗumama silinda da sanyin safiya, wanda duk mai irin wannan mota ya san darajarsa a watan Janairu idan hunturu ya sauko Kaduna. Mai rewaya kuma zai cire wayoyin koyil da distirbuta, ya haɗa wayar da ke yanke mai idan an kashe makulli.

Akwai abu ɗaya da ake mantawa, kuma shi ne ke kashe mutane. Birkin yawancin ƙananan motoci yana samun taimako daga zuƙar iska da injin fetur ke yi ta bayan totur. Injin dizal na da ba ya yin wannan zuƙa, sai an ɗaura masa ɗan famfo na musamman. Idan bakanike ya yi ganganci ya bar shi, ko ya ɗaura wanda ya gaji, direba zai taka birki a gangare ya ji kamar dutse yake takawa. Baba ya ce da wannan yake gane aikin gwani da na ɗan koyo tun kafin a tayar da mota.

Kada a ɗauka kanikawanmu ne kaɗai ke tuntuɓe a nan. Bayan tashin farashin mai na shekarun 1970, kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da injin dizal na Oldsmobile a 1978, wanda aka gina kan tsarin wani injinsu na fetur mai silinda takwas. Sun ƙara wa bulok ƙarfi, amma suka bar adadin kusoshin da ke riƙe kan silinda kamar na fetur, kuma ba su sa matatar raba ruwa ba. Gaskit ya riƙa ƙonewa, famfo ya riƙa lalacewa, masu motoci suka kai ƙara kotu, a 1985 aka daina ƙera shi. An daɗe Amurkawa na gudun ƙaramar motar dizal saboda wannan. Matatar ruwan da babban kamfani ya yi wa rowa, Baba ba ya sakin mota sai ya ɗaura ta.

Sai iska ta juya. A farkon 2002 farashin gas ya kamo na fetur, duka naira 26. A zamanin Shugaba Obasanjo gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin dizal, ta ci gaba da tallafa wa fetur. Dalilin a fili yake: fetur na jama'a ne, mai babur da mai tasi da mai ƙaramin janareto, taɓa shi na jawo zanga-zanga, dizal kuwa ana ganin na kamfanoni ne da manyan motoci. Muna yara a Janairun 2012 lokacin da aka ɗaga fetur daga naira 65 zuwa kusan 141, gari ya tsaya cak, aka dawo da shi 97. Kafin wannan ɗagawa gas ya riga ya kai wajen ninki biyu na fetur, babu wanda ya fito titi dominsa. Tsimin kashi ɗaya cikin huɗu ba ya biyan bambancin ninki biyu. Shi ya sa aka shiga zamani na biyu: bas ta sauka daga jirgin ruwa da lafiyayyen injin dizal, kafin ta ɗauki fasinja ɗaya an cire shi an dasa na fetur. Ƙari a kan haka, injinan dizal na zamani da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsu ba sa jure gurɓataccen mai, kuma gyaransu ya fi ƙarfin sifana da kunne. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar gas ta tashi daga wajen naira 300 zuwa wajen 800 cikin shekara ɗaya, alhali fetur na ƙasa da 200 a hukumance. Wanda ya riƙe injin gas a ƙaramar mota a wannan shekara ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabin rantsuwarsa. Cikin kwanaki fetur ya haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ya haura 1,000. Tazarar ta ragu, tsohon lissafi ya farfaɗo, shi ne ya kawo maƙwabcinmu garejin Baba. Yana kuma da wani buri a ransa, don ya ga bidiyo a waya inda wani Bature ke tuƙa mota da tsohon man suya. Ya ce idan ya sa injin dizal, ko gas ya yi tsada zai nemi man gyaɗa.

Maganar ba shirme ba ce, tana da tarihi. Ɗanyen man tsiro ya fi dizal kauri wajen sau goma, don haka nozul ba ya fesa shi da kyau, yana barin dauɗa a silinda, da sanyi kuma ya daskare. Maganin wannan shi ne a haɗa man da sinadarin metanol da 'yar soda irin ta masu sabulu, a ɗumama, a bar shi ya kwanta. Gilisarin mai kauri ya sauka ƙasa, mai sirara ya taso sama, shi ne ake kira bayodizal. Wani masani ɗan Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar irin wannan hanya a 1937 da manja, kuma a 1938 wata bas ta yi jigila da shi tsakanin Brussels da Louvain. Manjan daga Kwango ya fito, wato nan ma man Afirka ne. Ƙasar Indunusiya, wadda aka kai mata kwakwar manja daga asalinta na Afirka, ta wajabta a 2023 cewa kashi 35 cikin ɗari na dizal ɗinta ya zama na manja. Gargaɗi ga masu son gwaji a bayan gida: metanol guba ne, yana makantarwa, yana kisa, yana kuma kama wuta da harshen da ba a cika gani da rana ba.

Nijeriya ma ta fitar da manufar man tsiro a 2007, da burin gauraya kashi 10 na etanol a fetur da kashi 20 na bayodizal a gas. A shekarun ne aka yi ta yayata bini-da-zugu, itacen da muka saba gani a shingen gona, ana cewa zai yi a ƙasar da ba ta noma. A garin Garalo na ƙasar Mali har an kafa injinan wutar lantarki da za su iya aiki da mansa. Amma a ƙasashe da dama an gano cewa itacen yana rayuwa a busasshiyar ƙasa, sai dai ba ya 'ya'ya da yawa sai ya samu ruwa da taki kamar kowane amfani. Har yau ba mu taɓa tsayawa a wani gidan mai a Kaduna muka ga famfon bayodizal ba.

Gyaɗar ma ba ta nan kamar da. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rushe dala, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Abin da ake nomawa yanzu ciki ne ke jiransa. A ganinmu nan maganar ta ƙare: duk wanda ya je kasuwa ya tambayi kuɗin litar man gyaɗa a wajen masu ƙuli-ƙuli, ya kwatanta da litar gas, zai ga ba mai hankalin da zai zuba shi a tanki. Tsohon man suya da Turawa ke tarawa daga gidajen abinci kuwa, a nan ba ya tsufa. Mai ƙosai da mai awara ba sa zubar da mai, ƙari suke yi a kai har ya ƙare. Da Baba ya ji batun, cewa ya yi da maƙwabcinmu, “Alhaji, ka fara tambayar uwargida ko za ta ba ka na kicin.”

Abin da ya yanke hukunci a ƙarshe shi ne tukunya. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci kan iskar gas da ake matsewa a tukunya, ga kuma bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara shimfiɗawa a 2020. Ita wannan iska ba ta kamawa da matsi kaɗai yadda dizal ke yi, tana buƙatar ƙyastu. Injin da ke da fulogi ana iya ƙara masa tukunya da na'urar rage ƙarfin iska, ya riƙa aiki da fetur ko iska, direba na sauyawa da maɓalli. Injin dizal kuwa sai an yi masa babban aiki, ko dai ya ci gaba da shan wani kaso na gas ɗin don ya kunna iskar. Wato wanda ya yi gaggawar komawa dizal a 2023 ya rufe wa kansa ƙofar da ake shirin buɗewa.

Baba ya zauna da maƙwabcinmu a kan benci, suka yi lissafi a bayan kwalin batir: kuɗin injin Indenor da ke ajiye a kusurwar garejin, kuɗin gyaran famfonsa, babban batir, aikin walda, sifirin, da zirga-zirgar sauya lambar inji a takardun mota don kada jami'an duba motoci su tsare shi a hanya. Suka ɗora a kan farashin gas na ranar, wanda har lokacin yana gaban na fetur. Lissafin ya nuna sai motar ta yi shekaru tana aiki kafin ta mayar da kuɗin, idan har gwamnati ba ta sake juya farashi ba kafin nan. Aka sayo injin fetur na Baljiyam aka dasa, cikin kwana huɗu motar ta koma hanya.

Yanzu maƙwabcin namu yana ta tambayar kuɗin tukunya. Abin da ke hana shi biyu ne: za ta cinye masa wurin buhu biyu a baya, kuma a kasuwannin ƙauyen da yake zuwa babu inda zai ɗura iskar. Injin Indenor ɗin ya ƙara wata shida a ƙarƙashin tamfol, sannan wani mai injin niƙa daga Rigasa ya zo da Keke Napep da yara uku suka ɗauke shi.